Maraicin Aro

"Riƙe da kyau, ɗan banza! In gilashin nan ya faɗi, fatarka zan liƙa wa mutane a taga!"

Muryar Baffa ce ta cika shagon. Kurum ya ƙara damƙe gefen gilashin, kaifin ya shige masa tafin hannu, jini ya gangaro ta tsintsiyar hannunsa har ya taɓa farar rigar makarantar da bai samu sukunin cirewa ba. Bai saki ba. Ina zai saki! Haka ya tako da baya da baya har suka kwantar da shi a kan teburin yanka, sannan ya ja tsumman goge ƙura ya naɗe hannun. Tun safe babu abin da ya shiga cikinsa sai ruwan famfon makaranta. A bakin ƙofa kuwa, Shalele, ɗan Baffa na cikinsa, yana zaune a kan benci ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana danna waya yana tsotsar lemo mai sanyi. Ajinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya, ƙofar gida ɗaya suke fita kowace safiya... amma ɗaya ɗa ne, ɗaya kuma hannu ne na ɗaukar kaya.

Mahaifin Kurum yayan Baffa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara rasuwa, mahaifiyar ta yi jinya mai tsawo ta bi shi, aka kwaso Kurum da ƙanwarsa Auta aka kawo gidan nan da ƙullin kayansu. Rana ɗaya Baffa ya kai yaran maza biyu makarantar sakandare, ya ce duka nasa ne, aka rubuta su a matsayin 'ya'yansa. Mutanen layi suka yi ta sa masa albarka, wai ga mai riƙon zumunci. Ba su ga ɗakin da aka ba marayun ba: ɗakin ajiya ne a bayan shago, guntayen alminiyam jingine da bango, katifa ɗaya da tabarma, taga kuma kwali aka toshe ta da shi. A gidan mai sayar da gilashi! Yaron ya koyi haɗiye magana tun a shekarar farko, har sunansa na yanka ya ɓace aka koma ce masa Kurum.

A zangon farko na ajin ƙarshe wata ƙungiya ta kawo wa makarantarsu wani shiri na manyan ɗalibai. Waɗanda aka zaɓa za su yi dukan dogon hutu a harabar jami'a, a koya musu lissafi da kimiyya irin na gaba da aji, su shiga ɗakin gwaje-gwaje na gaske, a koya musu muhawara da jagorantar tawaga, a haɗa kowa da malamin da zai riƙa bibiyarsa, wanda ya yi ƙoƙari kuma ƙungiyar ta ɗauki nauyin karatunsa har ya gama. Gurbi biyu aka ba kowace makaranta, ɗaya na wanda ya fi kowa a jarabawar shirin, ɗaya na maraya mai hazaƙa. Wata yarinya ta zo ta ɗaya. Kurum ya bi mata. Shalele yana can ƙasa, sai an sunkuya ake ganinsa.

Malamar kimiyya ce ta tare Kurum a baranda, tana tafe da ƙyar da tsohon ciki. Ita kaɗai ce a malamai ta taɓa tambayarsa dalilin yankan da ke hannuwansa.

"Gurbin maraya naka ne, babu mai ja da kai," ta ce. "Gobe zan tafi hutun haihuwa, amma na gaya wa Mataimakin shugaba komai. Kai, yi dariya mana! Ko sai na biya ka?"

Ya yi murmushi, idonsa ya ciko. A ranar, da gudu ya koma gida, ya tarar da Auta tana wanke-wanke a bakin rariya, ya durƙusa ya raɗa mata. Yarinyar ta rungume shi da hannuwa duk kumfa. "Yaya, za mu fita ke nan?" Ya ce, "In Allah ya so."

Ashe labarin ya riga shi isowa.

Bayan sallar la'asar aka kira shi falo, falon da ba ya shiga sai da tsintsiya. Baffa yana kan doguwar kujera, matarsa, wadda Kurum ke kira Anti, tana gefe tana yanke farce, Shalele na kwance a kan kafet.

"Na ji abin arziki," in ji Baffa. "To ka saurara. Kai kana da sana'a a hannu, ko yau na faɗi ka iya yanka gilashi. Ɗan'uwanka fa? In bai yi boko ba me zai ci? Na yi magana da Mataimaki. A makaranta ku biyu duk 'ya'yana ne, babu wanda ya san wane ne marayan. Saboda haka daga yau shi ne maraya."

Kurum ya ɗago kai. Ya ɗauka kunnensa ne.

"Baffa... iyayena ne fa suka rasu."

"To wa ya ce suna raye?" Anti ta cafe. "Aron maraicin kawai za ka ba shi, ba cinye maka zai yi ba. Mu da muka ci da kai muka sha da kai, ɗan wannan ne ba za ka yi mana ba? Kai dai tsiyarka butulci!"

Washegari Kurum ya tattara ɗan ƙarfin halin da yake da shi ya shiga ofishin Mataimaki, ya gaya masa shi ne marayan. Mutumin bai ko ɗago daga shayinsa ba. Sabbin tagogin gidansa na alminiyam, Kurum ne da kansa ya riƙe wa Baffa tsani ranar da aka ɗaura su. "Kana nufin mahaifinka maƙaryaci ne?" ya ce. "Yaron da zai tozarta uban da ya haife shi don ya samu gurbi, shi ne za a koya wa shugabanci? Cire wannan bajen." A gaban taron safe aka karɓe bajensa na mai kula da ɗakin karatu, aka ce an same shi da rashin ɗa'a, ba a faɗi ko mene ne ba. Aka sanar da sunan Shalele a cikin zaɓaɓɓu, aka tafa. 'Yan ajinsu da suka san gaskiya suka dubi juna suka yi shiru, don kowa na da jarabawar fita a gabansa, kuma Mataimaki ne ke riƙe da ita. Wasu ma cewa suka yi Kurum sayar da gurbin ya yi.

Kafin ya iso gida Mataimaki ya buga wa Baffa waya. Baffa bai doke Kurum ba. Da ma dukan ya yi! Sai ya kira Auta, ya sa ta kawo jakar makarantarta da takalmanta, ya jefa su cikin kabad ɗin shago ya murɗa makulli.

"Ta zauna ta taya Antinku aiki. Ranar da motar shirin ta tafi da ɗana, ta koma aji. In kuwa bakinka ya sake buɗewa, ita da allo sai a mafarki. Zaɓi ya rage naka."

Auta ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da suka shiga ɗakin ajiya ta kifa kai a cinyar yayanta. "Yaya, ka faɗa musu gaskiya, ni ba komai..." Ya toshe mata baki da tafinsa mai tabo. Wa zai gaya wa? Malama tana asibiti. Dangin uwa suna nesa, rabonsu da su tun zaman makoki. Duk inda ya juya bango ne. Ya daɗe yana kallon kwalin da ke taga, sannan ya ce a hankali, "Ya Allah, Kana gani. Ni ba ni da baki, ba ni da kowa. Ka isar mana."

Abin da ya fi yankan gilashi ciwo sai da ya biyo baya. Aka aiko cewa mutanen shirin ba sa ɗaukar yaro sai sun ziyarci gidansu sun zauna da masu riƙonsa. Sai Anti ta buɗe makaranta a tsakar gida. Kullum bayan an tashi daga shago za a zaunar da Kurum a kan bokiti, Shalele a kan kujera, a ce ya koya masa.

"Wace cuta ce ta kashe mahaifiyar taka?" in ji Anti. "Faɗi a hankali ya riƙe."

"Ciwon ƙoda."

"Da za ta cika me ta ce maka?"

Kurum ya sunkuyar da kai. Wannan maganar ko Auta bai taɓa gaya wa ba.

"Da kai nake, gunki!"

"Ta ce... ta ce in riƙe hannun ƙanwata, kar in sake shi a hanya."

"Wannan ba zai yi ba, shi ba shi da ƙanwa. Ka ce ta ce ka riƙe karatu. Maimaita, Shalele, kuma ka karya murya, kar ka faɗa kamar mai karanta labarai!"

Shalele ya maimaita yana dariya. "Kai, Kurum, a wane wuri ake fara kukan? Kafin ta mutu ko bayan?" Haka suka bi rayuwarsa suna tsinka kamar masu zaɓen kaya a gwanjo: warin ɗakin asibiti, kwanon da ta kasa cinyewa, yadda aka dawo da zanenta a leda. Wanda ya yi musu su ɗauka, wanda bai yi ba su yar. Idan aka sallame shi sai ya zagaya bayan shago ya tsuguna tsakanin fasassun gilasai, ya yi kukan da ba ya fitar da sauti.

Ranar ziyara aka yi musanyar kaya. Aka sa wa Shalele koɗaɗɗiyar rigar Kurum, aka ba Kurum sabuwar riga mai ƙamshin turare da agogon hannu. "Yau Umma za ka ce min," in ji Anti tana gyara masa wuya da ƙarfi har ya shaƙe. "Kai da Auta ni na haife ku. Ka kuskure, ka san sauran."

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar shago. Wata dattijuwa ce ta fito, tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya, ita ke jagorantar shirin, yaran da suka wuce ta hannunta suna ce mata Uwar Shiri. Da ita da wani matashin jami'i. Aka shimfiɗa musu fuska, aka kai su falo.

"Ɗana, kawo wa baƙi ruwa!" Anti ta ƙwala kira da murya kamar zuma. Kurum ya shigo da tire. Tun da ya zo gidan nan yau ne aka fara ce masa ɗana... a kan ƙarya! Ya ajiye kofuna ya koma jikin bango ya tsaya, Auta ta maƙale a bayansa.

Shalele ya yi abin da aka koya masa, har ya wuce. Ya faɗi ciwon ƙoda, ya faɗi warin asibiti, ya karya murya daidai inda aka ce. Jami'in ya sunkuyar da kai. Baffa ya share idon da babu komai a cikinsa.

"Kina wurin lokacin da mahaifiyarsa ta rasu?" Uwar Shiri ta tambayi Anti.

"A hannuna ta cika, Hajiya. Ni na rufe mata ido. Tun daga ranar ban bambanta shi da waɗannan nawa ba."

"Allah ya saka miki. To, mu a shirin nan ba ma fita da maraya daga gida sai mun yi wa iyayensa addu'a, don su suka fara yi mana aikin. Matso nan, yaro."

Shalele ya matso ya durƙusa. Ta ɗora tafinta a tsakiyar kansa, kowa ya ɗaga hannu. Kurum ma ya ɗaga, zuciyarsa na ƙuna. Har addu'ar ma sun ƙwace!

"Ya Allah," dattijuwar ta fara, a nitse, kalma bayan kalma, "matar da ta ɗauki cikin wannan yaro da hannuna ke kansa, ta yi naƙudarsa, ta shayar da shi nononta, Ka jiƙanta."

"Amin!" in ji Baffa da ƙarfi.

"Ka yalwata mata kabarinta. Ka sa ƙasar da ke kanta ta yi mata sauƙi."

"Amin, amin!"

"Ka haskaka mata duhun ramin da take kwance ita kaɗai, Ka ba ta ikon amsa tambaya. Tunda ba za ta ga girman ɗanta ba, ba za ta ga aurensa ba, ba za ta ɗauki jikokinta ba, Ka musanya mata da abin da ya fi."

"Amin ya Rabbi!" Baffa ya ƙara ɗaga murya, yana gyaɗa kai.

Anti kuwa ba ta ce amin ba. Gumi ya keto mata ta ƙarƙashin ɗankwali. Ta dubi tafin da ke kan ɗanta, ta dubi mijinta da ke zuba amin kamar ana biyansa, leɓɓanta suka bushe. Uwar Shiri ta buɗe ido.

"Baiwar Allah, ban ji amin ɗinki ba. Ke da kika rufe mata ido ai ke ya fi kamata. Bari in sake. Ya Allah, wadda ta haifi wannan yaro, Ka sa kwanciyar kabari..."

"Umma, kar ki ce amin!"

Shalele ne. Ya fizge kansa, ya rarrafa ya faɗa jikin uwarsa, kuka na gaske wannan karon, har da majina. "Umma, don Allah kar ki ce! Ni ba na so ki mutu, na fasa zuwa, na fasa!"

"A'uzubillahi! Ina raye! Wallahi ina raye!" Anti ta miƙe tana kakkaɓe jiki kamar wadda kunama ta hau. Ta juya kan Baffa. "Kai kuma kabarin wa kake ce wa amin? Har da ya Rabbi! Ashe jira kake in mutu, mugu! Ni na haifi abina, ni na yi naƙudarsa, babu ƙasar da ke kaina!"

"Ke, rufe mana baki!"

"Ba zan rufe ba! Dabararka ce, kai da Mataimakin naka!"

Shalele na ta shessheƙa. Jami'in ya saki baki. Uwar Shiri ta sauke hannuwanta a hankali, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya tsaya a kan yaron da ke jikin bango cikin rigar da ta yi masa yawa, hawaye na zuba a kan agogon aro.

"To wane ne marayan?"

Kurum ya buɗe baki, ya tuna kabad ɗin shago, ya rufe. Sai Auta ta fito daga bayansa tana riƙe da hannunsa.

"Mu ne, Hajiya. An ce in Yaya ya yi magana ba zan koma makaranta ba."

Dattijuwar ta rufe fuska da gefen mayafinta, ta jima a haka. Da ta buɗe, idonta ya yi ja. Ba ta ko dubi Baffa ba, wanda ya fara "Hajiya, a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne..." Ta miƙa hannu biyu.

"Ku zo nan, ku biyun. Addu'ar nan ta ɓata hanya, bari mu mai da ita gidanta."

Ta dafa kawunansu ta sake daga farko. Kurum ya ce amin, muryarsa ta fashe, ya sake cewa, ya sake, har ya kife a kan kafet yana kiran "Ummata... Ummata..." Jami'in ya fita waje don kar a ga nasa hawayen.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Uwar Shiri ba ta bar gidan ba sai da aka buɗe kabad aka miƙo jakar Auta. Daga nan ofishin shugaban makaranta ta wuce. Malamar kimiyya ta zo da jaririnta a kafaɗa ta ba da shaida, 'yan aji da suka yi shiru a da yanzu kowa na rige-rigen magana. Aka dakatar da Mataimaki, daga baya aka sallame shi. A gaban taron safen da aka kunyata Kurum aka mayar masa da bajensa, aka kira sunansa na gaskiya a cikin zaɓaɓɓu, tafin da aka yi har sai da shugaba ya ɗaga hannu. Ƙungiyar ta nemo ƙanwar mahaifiyarsu, matar ta zo tana kuka tana cewa shekara da shekaru Baffa yake ce mata yaran suna lafiya ba sa son baƙi. Aka samar wa Auta makarantar kwana kusa da ita.

Baffa kuwa, makaranta ta janye aikin tagogin da ta ba shi, masu gini suka bi sahu, don wanda ya ci amanar ɗan yayansa wa zai ba shi makullin gida? A masallacin layi in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Shalele ya daina fita, ya daina haɗa ido da uban. Ita kuwa Anti, matan layi suka raɗa mata suna Marigayiya. In ta fito sayen kayan miya sai wata ta ce, "A'a, Marigayiya, an samu fitowa? Ya kwanciyar?" Tun tana zagi har ta koma aiken yara.

Ranar tafiya Kurum ya shiga shago da jakarsa a kafaɗa. Baffa na zaune shi kaɗai a kan teburin yanka. Yaron ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Baffa, zan tafi. Abincin da muka ci a gidanka, Allah ya saka. Sauran kuma na bar wa Allah."

Baffa ya kawar da kai, Kurum ya miƙe ya fita.

Motar shirin ce za ta fara sauke Auta wurin innarsu kafin ta wuce jami'a. Suna zaune a kujerar baya, layin yana ja da baya ta taga, yarinyar ta jingo da kafaɗarsa.

"Yaya, can inda za mu, 'ya'yan wa za mu ce mu ne?"

Ya share mata ido da bayan hannunsa, ya share nasa.

"Na iyayenmu, Auta. Allah ya jiƙansu."